Ƙugiyar taragon auduga

Sana'ata ƙera kanun ce, murhun gawayi da ake yi da tsohon gwangwani, kuma ina liƙe buta da dalma. Da ragowar gwangwanin nake yin ƙananan taragu, kowane bai fi tafin hannuna biyu ba. Ba na sayarwa ba ne. Taragun jirgin auduga nake kwaikwayo, ƙaramin jirgin ƙasan da a da yake bin gefen tur'a, wato magudanar ruwan noma, a bayan ƙauyenmu, yana kwashe auduga daga gonakin da muke kira hawasha zuwa mahlaj, gidan gurzar auduga, a garin Hasahisa. Wata shekara aka zo aka tuge layin, aka yanyanka taragun, aka loda a manyan motoci. Tudun ƙasar da layin ya bi ne kawai ya rage, awaki na kwanciya a kai.

Na so in yi tarago ɗaya daidai da yadda yake, ba yadda nake tsammani ba. Gefensa na sani, don ina yaro na sha ganinsa. Ƙafafun kuma na gani a hoto. Malamin da ke koya mana karatun manya a makarantar ƙauye shi ya nemo mini hotuna a wayarsa, har na iya karanta haruffan da ke jikin wani tarago da kaina. Amma duk mai ɗaukar hoto a gefe yake tsayawa. Babu wanda ya leƙa tsakanin tarago da tarago, inda ƙarfen da ke haɗa su yake. A nan aikina ya tsaya.

Mutum ɗaya ya rage da ya san wurin, kawuna, yayan mahaifiyata. Aikinsa ke nan a ƙuruciyarsa, shiga tsakanin taragu yana haɗa su. Lokacin da na fara tambayarsa ido ya riga ya tafi, sai dai baki da hannu.

"Kawu, ƙugiyar nan sama ta lanƙwasa ko ƙasa?"

"Wa ya sani?"

"Kai ne fa ka yi aikin."

"Na yi aikin, ban kalle shi ba. Kai ɗan ƙanwata, wanda ya kalli ƙugiya shi ke barin yatsunsa a wurin."

Ya bayyana mini. Mai haɗa tarago yakan juya fuskarsa gefe, ya dubi taragon da ke gangarowa, hannunsa kuma ya yi aikin shi kaɗai. Haka manyansu suka koya musu. Wanda ya sunkuya yana kallon ƙarfen ba zai ga lokacin janye hannu ba. Don haka shekara da shekaru kawu yana taɓa abin kullum, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. In na tambaye shi da baki sai ya rikice, ya ce zobe ne, ya ce a'a ƙusa ce mai kai. In na yi shiru kuwa, sai in ga hannunsa na dama ya ɗaga, ya murɗa, ya saki wani abu a iska.

Na yi ta yin ƙananan ƙugiyoyi da waya, kowace da irin siffarta, ina sa masa a tafin hannu. Yakan juya su da yatsa, ya mayar mini.

"Wagga ta kamun kifi ce. Ka kai garin Suki, masunta su gode maka."

Matata tana tankaɗe a gefe ta ce, "Kawu, ka ce masa ta yi, ko ma huta. Kanun ɗina ya huje, mai kanun yana ƙera jirgi."

"Ba ni yi masa ƙarya, ɗiyata. In ya shiga jirgin ya kife, ni za a tambaya."

Na daɗe ban gane inda matsalar take ba. Hannun kawu babban ƙarfe ya sani, mai nauyi, wanda ke cika tafi. Ƙaramar waya ba za ta tuna masa komai ba. Sai na shiga neman na gaskiya. Na bi maƙera daga ƙauyenmu har kasuwar Wad Madani. Wani tsohon maƙeri ya ce ya taɓa samun guda, ƙarfe ne mai kyau, ya yi fartanya da shi. Na tambaye shi siffarsa. Ya ce shi siffar fartanyar ya sani.

Da na rasa, sai na ɗebo laka daga bakin tur'a, na cuɗa da kashin jaki kamar na yaɓe, na ajiye babban curi gaban kawu a ƙarƙashin rakuba, rumfar da muke zama. Na ce ya juya fuskarsa gefe kamar yadda ya saba. Ya yi dariya, ya juya. Hannunsa ya shiga lakar, ya murɗa, ya bar rami da wani lanƙwasa. Ranar ce na fara ganin alamar abin. Muka riƙa yi da hantsi, yana gyarawa ina shafewa, in ya gaji mu rufe da jiƙaƙƙen buhu. Rabin ƙugiyar ya fito. Ya ce saura inda ƙusar ke shiga, sai ya huta ya tuna.

Kafin ya tuna yaƙi ya iso mana. Muka fita da abin da hannu zai ɗauka. Na sa taragu a buhun tufafi, amma curin laka ba abin ɗauka ba ne. Na bar shi a rakuba da buhunsa. Muka sauka wurin dangi a wani ƙauye kusa da Suki, daga can ma muka sake matsawa. A hanyar ne ɓarin jikin kawu na dama ya mutu.

Da muka koma gida, damina ta riga ta bi ta kan rakubar. Na tarar da buhun manne da ƙasa, ciyawa ta tsiro ta cikinsa.

Na sake cuɗa laka. Na ɗauki hannun kawu na dama na ɗora a kai, ya zauna inda na ajiye shi. Na gwada na hagu. Ya dafa lakar, ya matsa ta kaɗan, ya girgiza kai. Da ƙyar na ji abin da ya ce, wai wannan hannun bai je aikin ba, fitila kawai yake riƙewa.

Na yi ƙoƙarin maimaita rabin da na gani daga kaina, amma kowace rana daban yake fitowa, kuma ba ni da wanda zai ce mini a'a. Malamin karatu ya ce wataƙila akwai zane a wani ofishi, in takardun sun tsira. Ban sa rai ba.

Kawu yana nan da rai, a kwance. Wani lokaci in na zauna kusa da shi yakan juya fuskarsa gefe, kafaɗarsa ta ɗan motsa, sai in zuba wa hannun ido. Ba ya ɗagawa. Taraguna suna kan katangar rumfa a jere, na gama musu komai har haruffa. Matata ta ce in ɗaure su da zare, babu wanda zai sani. Na bar su haka, da ɗan fili tsakanin kowane biyu.