Kwal a Turmin Inna

Yajin aikin malaman jami'a ne ya koro ni gida Tudun Wada da aikin kammala digiri a hannu: ƙunshin kwal da aka kawo mini daga kudu, da kwalbar asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi. Abin da zan auna shi ne yadda ƙwayoyin ruwan ke kutsawa cikin dunƙulen kwal har ya kumbura. Kwal ɗin ke nan, babu wani. In ya lalace, sai na maimaita shekara.

Mahaifiyata, Inna, ta ji na ce jiƙa shi zan yi. To a gidanmu wa ke jiƙa abu mai tauri bai fasa shi ba? Ranar kasuwa na fita neman ƙananan kwalabe, na dawo na tarar da ita bakin turmi, hannu baƙi ƙirin, tana murmushi wai ta rage mini wahala.

Wallahi na yi faɗa, har maƙwabta suka leƙo. Ita kuwa ta jingine taɓarya a hankali.

"Na ɗauka taimakonki na yi," ta ce, ta shige ɗaki.

Na zauna gaban turmin ina huci. Amma ni, maimaita shekara? Ina! Da na damƙo dakan sai na ji bai yi laushi duka ba. Akwai gari, akwai tsaki, akwai guntaye kamar wake. Na ɗauko rariyarta na tankaɗe, kowanne na zuba a kwalbarsa, na tsiyaya asiton, na toshe, na kai su zaure nesa da murhu.

Garin bai ɓata lokaci ba ya tashi, don ruwan ba shi da nisan tafiya. Guntayen kuwa sai taurin kai. Dole ƙwayoyin ruwan su buɗa hanya daga waje, suna matsawa ciki kaɗan-kaɗan, tsakiyar tana nan a bushe. Kullum ina kara rula ina aunawa, ko ranar da ban ga canji ba. Inna ba ta yarda ta shiga zauren ba, sai dai ta tsaya daga ƙofa ta tambaya ko sun sha.

Da aka koma makaranta, malamina ya ɓata fuska don ba haka muka tsara ba. Amma ya karanta rahoton da na rubuta kan yadda girman kwal ke sauya saurin kumburinsa, ya sake karantawa, ya sa hannu.

Turmin bai ƙara ganin hatsi ba, baƙin ya ƙi fita. Da na dawo na ce a faskara shi a sa a murhu.

"Kul," in ji Inna. "Da shi muka yi digirin."