Abin da Na Jiyo a Tandabawi Game da Kakana

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da abokan tafiya biyu, da niyyar umara. Mahaifiyata, wadda ta haura tamanin, ba ta ba ni sautun dabino ba. Cewa ta yi in nemo mata kabarin mahaifinta. A gidanmu labarin ɗaya ne: ya tafi hajji ta ƙasa tana goye, Makka ta yi masa daɗi, ya manta da su.

Daga Jidda zuwa Makka titi sumul, har na rasa abin da zan yi wa direba faɗa a kai. A unguwar Misfala muka sauka. Da ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya ji kuɗin farantin shinkafa da kaza, nan take ya ce ai dama yana da niyyar azumin nafila.

Bayan mun sauke umara na shiga cigiya. Wani mai tasi a unguwar Hindawiyya, Bahaushe haifaffen can, Hausarsa rabi Larabci, ya kai ni unguwar Tandabawi wurin wata tsohuwa da aka ce babu zuriyar da ba ta sani ba. Ta sa aka kawo mini shayi da na'ana'a. Ina faɗin sunan kakana da garinmu sai ta ajiye kofinta.

"Ɗana, ai bai taɓa taka Makka ba. Wallahi a Masawa ya rasu."

Na ce, "Hajiya, anya shi ne?" Ta kwatanta shi har da tabon goshinsa da muke jin labarinsa a gida.

Ta ce ayari ɗaya suka yi da iyayenta. Sun isa Masawa, bakin teku a Iritiriya, sai yaƙin duniya na biyu ya tsayar da jiragen ruwa. A can aka haife ta, ta yi wayo ta gan shi yana dako a tasha. Da yaƙi ya ƙare, Italiya mai mulkin ƙasar ta sha kaye, sai Ingila da Faransa da Amurka da Rasha suka zauna suna ja-in-ja a kan wanda zai riƙe ta. Takardar tafiyar kakana kuwa hatimin Italiya ke jikinta, ba ta kai shi gaba, ba ta mayar da shi gida.

"Duk Litinin sai ya wanke rigarsa ya tafi ofis," in ji ta. "A ce ya jira, manya ba su gama magana ba. Shi fa ya haƙura da hajjin, gida yake so. Yakan shafa kaina ya ce tasa 'yar ma yanzu ta isa aike."

Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin manyan su gama.

Ban san yadda na fito daga lungun nan ba. Sai da na wuce masaukinmu sau biyu. Washegari na sake ɗaura harami na yi masa umara, ina ɗawafi hawaye na zuba.

Ranar da muka dawo Kano, ban ko kwance jaka ba na durƙusa gaban mahaifiyata na faɗa mata komai. Da na gama sai ta ce, "Ashe layi yake bi, ni kuwa ina nan ina fushi." Ta sa na maimaita mata zancen aiken har sau uku.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa in manya suka zauna rabon duniya, ba su san suna riƙe da takardar wani ɗan dako ba. Da a ce labarin sulhu ya fito a rediyo, sauya tasha nake yi. Yanzu sai in ƙara murya, ina tunanin wa ke tsaye a bakin ofis.