Yadda Sunan Mairamu Ya Bi Na Mijinta

Ranar an wayi gari da hadari a Arlit, abin da mukan shekara ba mu gani ba. Kafin hantsi ruwa ya sauko. Ba shi da yawa, amma ya isa ya matse tsofaffin ma'aikata a kan benci guda, ƙarƙashin rumfar likita. Amumun yana cikinsu, ya ja rawani har hanci.

Amumun mutumin Timiya ne, ɗan masu garka, manoman lambu. Ya zo Arlit yana saurayi, ya koyi tuƙin kamyo, babbar motar kaya, a wani ƙaramin kamfani mai kwasar dutse daga ramin ma'adini. Ba shi da yawan magana. Hausar ma a nan ya tsince ta, har ya tsufa yana ce wa mace "ya zo". Matarsa ta rasu da wuri, bai sake aure ba. Abokinsa ɗaya ne, Almu, Ba'adare daga Tawa, wanda suke karɓa-karɓar mota guda. Almu kan ce masa, "Buzu, wallahi raƙumi ya fi ka hira." Shi kuwa sai ya ce, "Raƙumi ba ya zama da kai."

Kamfanin yana da ɗan likitansa, wato ƙaramin asibiti. Kowane ma'aikaci da lambarsa a ordinater, wato kwamfuta, iyalinsa kuma a rataye ƙarƙashin lambar. In mutum ya mutu, akan yanke wa iyalin magani. Don haka muka saba da wani abu a tsakaninmu: in wanda ya ajiye aiki ya rasu, mu yi masa sutura, mu yi sadaka, amma ba mai kai labari biro, wato ofis. Lambar ta ci gaba da rai, matar ta ci gaba da karɓar magani. Tsofaffin ma'aikatan biro sun sani, suna kau da kai.

Haka aka yi da Almu ya rasu. Ya bar matarsa Mairamu da tari, ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke kayan aikinsa da hannu. Duk wata Amumun ne ke ɗaukar katinta ya zauna a bencin nan har a kira.

Da kamfanin ya tashi, aka miƙa likitan ga wata ƙungiya. Suka kawo sabon ordinater, da wani mutumin Yamai, Abdulrazak, wanda zai kwashe sunaye daga tsohon ya zuba a sabon. Bai san kowa a garin ba. Ranar ruwan ya fito bakin ƙofa yana kiran sunaye don ya tabbatar da waɗanda ke nan.

"Almu Fatahu!"

Amumun yana kallon ruwa yana zuba daga kwano. Bakinsa ya riga shi.

"Allah ya jiƙansa."

Wasu suka ce amin kafin su farga. Abdulrazak ya dube shi.

"Ya rasu ne, Baba?"

Amumun bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Ya rasu."

Da wata ya zagayo ya miƙa katin, mai ba da magani ta duba, ta sake dubawa, ta ce babu wata Mairamu. Ya shiga wurin Abdulrazak, ya tsaya bai zauna ba.

"Baba, wallahi ba mugunta ba ce," in ji Abdulrazak. "A sabon nan an ɗaure sunayen kamar raƙuman ayari, kowa a bayan wani. Da na zo cire marigayin, ordinater ya ƙi, ya ce akwai wadda ke ɗaure da shi. Sunaye sun yi mini yawa, ana ta kira na daga Yamai. Sai na ba shi umarni, duk wanda ya cire, ya tafi da abin da ke bayansa."

Matar ta bi mijin. Hotunan ƙirjinta suka bi ta, da duk abin da lokotoro mai duba ta ya rubuta a kanta shekara da shekaru.

"Tsohon ordinater ɗin fa?"

"An wanke shi, an tafi da shi. Kamata ya yi in kwance ta tukuna, in ɗaura ta a wata lambar."

"Ɗaura shi a tawa."

"Sai mata ko ɗa, Baba."

Da la'asar Amumun ya je ƙofar Mairamu ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Malam Amumun, tsufa ne ya taɓa ka? Shekara nawa kana shan shayi a ƙofar nan, ko cikakkiyar sannu ban samu ba."

"Ba don ni ba ne. Don ordinater ne."

"To, ordinater ɗin ya zo da kansa ya nema!"

Ba ta taɓa ce masa shi ya jawo ba, ko sau ɗaya. Da numfashi ya fara yi mata wuya, ta aika ta ce ta yarda. Aka ɗaura auren a masallacin unguwa, ina cikin shaidu.

Abdulrazak ya shigar da ita ƙarƙashin lambar Amumun. Sai dai ta shiga a sabuwar mutum, wadda ba ta taɓa ciwo ba. Kafin a ba ta maganin da ta saba sha, sai an sake hoto, an sake gwaji, an jira lokotoron ƙirji mai zuwa daga Agadas jefi-jefi. Abdulrazak ya yi ta buga waya, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amumun ya sayar da babur ɗinsa ya sayo abin da ya samu a farmasi. Sanyi ya shigo, layi bai kawo kanta ba. Ta cika ran wata Alhamis da safe, yana riƙe mata kofin ruwa.

Kashegari ya tafi biro da ƙafarsa. Muka ce ya bari, ya ƙi. Ya tsaya a bakin teburin Abdulrazak ya ce, "Mairamu ya rasu. Cire shi. Babu kowa a bayansa."

Bayan sadakar arba'in ya bar Arlit. Yanzu yana Tchibarakaten, yana tuƙa motar ruwa ga masu haƙar zinariya.