Ranar da Egya Rediyo Ya Danna Jan Maɓalli

A unguwar masunta ta Sekondi, in ka tambayi gidan Kwamena Essilfie sai mutane su tsaya kallon juna. Amma ka ce Egya Rediyo, wato Baba Rediyo, ko mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a bakin titi za ta nuna maka gidan mai shuɗiyar ƙofa.

Ɗan masunci ne, jikan masunci, sai dai kwalekwale bai karɓe shi ba. Duk fitar da aka yi da shi, amai yake yi har a dawo. Ran nan ubansa ya gaji, ya ce, "Wannan kifi yake ciyarwa, ba mu ba. Ku kai shi makaranta." Can ya koyi aikin waya, irin na da, wanda ake ƙwanƙwasa saƙo da yatsa, gajere da dogo. Da takardar shaidar da ya samu ya koma teku, amma a babban jirgi, yana zaune a kujera da farar riga.

Yana da shekara arba'in da bakwai aka sauya komai. Aka kwashe tsofaffin na'urori, aka kawo masu magana da tauraron ɗan'adam. Abokansa da yawa suka ajiye aiki. Shi kuwa ya koma aji ya zauna da sa'annin 'ya'yansa, ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, ya sake, ya ci.

Jirginsa na ƙarshe sunansa Nana Ekua, mai jigilar katako da siminti tsakanin Takoradi da Duwala. Kowace safiya kafin ya karya sai ya gwada rediyo ya duba batir. Duk wata kuma sai ya hau can saman jirgi ya duba wata na'ura mai ruwan lemo, mai kama da gora, wadda ke aika wa tauraro inda jirgi yake in ta faɗa ruwa. Kukun jirgin, Ato Quansah, ba ya raga masa.

"Egya, yaya jaririyar taka ta kwana? Ka yi mata wanka?"

"Lafiya lau. Ita dai ba ta taɓa ƙona shinkafa ba."

A gaban kujerarsa akwai wani jan maɓalli a ƙarƙashin murfi. Na neman ceto ne. Shekara goma sha ɗaya yana share masa ƙura, bai taɓa danna shi ba.

Wata Talata, ana gama cin abincin rana, bututun mai ya fashe a ɗakin injin, wuta ta kama. Suna nesa da gaɓa, ko tsuntsu ba a gani. Kwamena ya ruga wurin tuƙi ya tarar da Kyaftin Bentum, wanda suke kira Massa, yana ta ba da umarni.

"Massa, in kira?"

"Dakata tukuna, suna kashewa. Kada mu tara wa kanmu duniya a banza."

Kwamena ya dubi hayaƙin da ke fitowa ta baya, baƙi ƙirin, ya ga fitilu sun ɗauke. Ya ce, "Massa, yanzu a kan batir nake. In wutar ta mutu, ni zan ba duniya haƙuri da bakina. In ba ta mutu ba fa?"

Kyaftin ya ce, "Kira."

Ya ɗaga murfin, ya danna, ya riƙe har ya ƙirga biyar. Sai ya ɗauki abin magana ya faɗi kalmar neman ceto sau uku, ya faɗi sunan jirgi, da daidai inda suke, da cewa gobara ce, mutum goma sha tara. Waɗanda suka ji shi sun ce muryarsa kamar mai karanta sanarwa a coci. Ofishin ceto na gaɓa ya amsa, wani jirgin dakon mai ma ya amsa, ya ce yana tafe, amma tafiyar awa uku ce.

Wutar ta ci ƙarfinsu, Kyaftin ya ce a bar jirgi. Kwamena ya sake faɗin inda suke, ya rataya oba-oba a wuya, ya hau sama cikin hayaƙi ya ciro gorar nan. Ƙarfen tsani ya yi zafi har ya saɓule masa fatar tafin hannun hagu. Bai lura ba sai da ya zauna a kwalekwalen ceto.

Ruwa ya yi ta jan su gabas, har jirginsu ya koma ɗan hayaƙi can nesa. Kwamena ya ɗaure gorar da igiya ya sake ta a ruwa. Oba-oba kuwa sai ya kunna ya yi magana kaɗan ya kashe.

Ato, wanda ya rungume tukunya bai san ya fito da ita ba, ya ce, "Egya, don Allah yi ta magana mana! Ka kashe, ta yaya za su ji mu?"

"In na bi taka, batirin zai ƙare kafin su iso. Riƙe tukunyarka."

Da la'asar sakaliya jirgin man ya ɓullo. Ya fara zuwa inda gobarar take bai same su ba, sai ofishin ceto ya karanta masa inda gorar ke nunawa, ya juyo. Aka sauko da tsanin igiya. Kwamena ya tsaya a gindinsa yana ƙirga masu hawa da ƙarfi, har da babban injiniya da ya ƙone aka ja shi da majanyi. Da ya kai goma sha takwas ya duba bai ga saura ba, hankalinsa ya tashi, sai Kyaftin ya leƙo daga sama ya ce, "Kai ne na sha tara, Egya. Hawo."

Bai ƙara komawa teku ba, hannun bai miƙe daidai ba. Yanzu yana zama a ƙofar gida da ɗan tebur, masunta na kawo masa rediyonsu da gishiri ya ci. Kafin ya miƙa wa mutum nasa, sai ya sa shi ya faɗi sunan kwalekwalensa, da inda yake, da yawan mutanensa, a hankali, ba ihu. Matarsa Maame Araba na gefe tana ƙyafe kifi, tana cewa, "Maigida, sallami bawan Allah, ruwa na janyewa."

Shi kuwa sai ya ce, "Bai faɗi mutum nawa ba. Sake daga farko."