Gwiwar Yayana

Yayana ɗan kokawa ne, ko in ce ya taɓa zama. Daga Urafane har Tasawa ba a kafa fili bayan kaka ba tare da makaɗa sun kira shi ba. A kokawarmu, da gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kaye, kuma tasa ta shekara huɗu ba ta taɓa ba.

Ranar da abin ya faru ina wurin. Ya kafa ƙafar dama cikin rairayi, ya murɗa jiki zai ɗaga abokin karawarsa, ƙafar ta ƙi bin sa. Na ji ƙas daga inda nake tsaye. Kafin la'asar gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya.

Gida aka kira mai ɗori. Ya lalube ta, ya ce ba karaya, ai jifa ne daga abokan hamayya. Ya yi tsaga da aska, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ɗaure da karare. Kumburi ya sace, kowa ya yi ta yabon hannun tsoho. Amma ko juyawa Yaya ya yi a tsakar gida sai ƙafar ta zille masa.

Da yake ni ne na yi lakwal, wato boko, ni na matsa aka tafi asibitin Maraɗi, ni da shi da Baba. Likitan ya kwantar da shi, ya kama ƙwaurin ya ja, sai ga shi ya taho gaba kamar aljihun tebur. Ya yi bayani da Faransanci, ni ina fassarawa. Jijiyar da ke giciye cikin gwiwa ce ta tsinke, kuma ba ta haɗewa da kanta. Ana iya yanko wata daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko daga bayan cinya, a huda ƙashi a ɗaura ta a madadinta. A Yamai ake yi, sannan wata tara na motsa ƙafa kafin a yi zancen fili. In kuma ba a son wuƙa, a ƙarfafa cinya, a bar kokawa har abada.

Baba ya gyara zama ya dube ni.

"Kai, tambaye shi. Wurin da ke lahiya lau za a yanka don a gyara wanda ya ɓaci? Shi ɗan nawa ragon yanka na, da za a cire nan a liƙa can?"

"Baba, ya ce haka ake yi ko'ina."

"Wata tara! Wa zai riƙe mani haiwa a gona da damina? Ƙashi dai bai karye ba ko?"

"Bai karye ba."

"To, ku tashi mu tai gida."

Na dubi Yaya. Ƙaton da ke ɗaga maza sama ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. A gidanmu ba a musa wa uba gaban baƙo, kuma ni ma, da duk karatun da nake taƙama da shi, ban musa ba. Na ce wa likitan za mu yi shawara. Ƙarya nake yi, shi ma ya sani. Har yau ina jin haushin kaina fiye da na kowa.

Bayan kaka Baba ya ƙaro layu, ya ce a koma fili a kunyata maƙiya. Yaya ya shiga a kasuwar Urafane. Ko gama riƙo ba su yi ba gwiwar ta lanƙwashe ita kaɗai, ya zube gaban jama'a. Baba ya ce wannan karon jifan ya fi na da ƙarfi.

Da na samu aiki a Tasawa na mayar da shi wurin likita ba tare da na nemi izinin kowa ba. Aka ce gurunguntsin ya riga ya cinye. Ko an ɗaura jijiyar yanzu, ba zancen kokawa, ciwon kuma ya zauna.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gida, muka tsaya sahu ɗaya mu uku. Baba, da furfurarsa, ya kai goshi ƙasa ba ko nishi. Yaya kuwa, da bai cika arba'in ba, ya yi tasa sujadar zaune kan kujerar roba, ƙafar dama a miƙe.