Abin da Na Rubuta a Kan Ƴar Safo

Daminar da amai da gudawa suka shiga ƙauyukan bakin tafki, ni ce babba a cikin malaman jinya na likitar Madarumfa, wato asibitin garin. Na yi shekara goma sha ɗaya a aikin, kowa majo yake ce mini, har waɗanda suka haife ni. Da cutar ta fi ƙarfinmu, wata ƙungiyar agaji ta zo da mota biyu, ta kafa tanti uku a filin da ke bayan likita, ta zagaye wurin da igiya. Aka ɗauke mu mu shida mu yi aiki ƙarƙashin wata doktor Baturiya, doguwa mai yawan tambaya, wadda duk Hausarta ba ta wuce "sannu" da "sha ruwa" ba.

Cikin mu shidan akwai wata ƴar garin Safo, siririya, shekararta biyu kacal da gama karatu. Yaya take kirana, kuma ba ta taɓa wuce ni ba ta gaishe ni ba. Kwanakin farko ban ma kula da ita sosai ba, don aikin ya yi mana yawa. Amalanken jaki na shigowa da mutane kwance a kan tabarmi, mu kuma hannuwanmu sun tsattsage saboda ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta da muke wanke su da shi.

Mai wannan cuta, in ruwan jikinsa ya ƙare, jijiyoyinsa ɓoyewa suke yi, kuma in ba a samu jijiya an sa masa serom, wato ƙarin ruwa, ba, ba ya daɗewa. Wata safiya aka kawo matar wani masunci, idanunta sun faɗa, fatarta in ka tsunkula sai ta tsaya a tsunkule. Na soka allura sau uku ban samu ba. Mijin yana tsaye bayan igiya yana kallona. Da na ɗaga hannun matar zan gwada na huɗu, sai ya ce, cikin ladabi kuwa, don Allah ko za a kira siririyar nan, ya ji a bakin tafki an ce hannunta ba ya kuskure. Ban kira ta ba, ita ta ji ta zo. Ta durƙusa, ta shafa ƙafar matar kusa da idon sawu, ta soka sau ɗaya, jini ya hau. Ta ɗago ta ce wa mijin ai majo ce ta koya mata neman jijiya a ƙafa. Ban taɓa koya mata ba. Na san don ta rufa mini asiri ta faɗa, kuma wannan ya fi maganar mijin yi mini ciwo.

Daga ranar na fara lura da ita fiye da yadda nake lura da marasa lafiya. Na ga yadda uwaye ke ɗaga kai in ta shigo tanti. Na ga yadda take zama a bakin gado da kofi da cokali, tana ba yaro ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, tana yi wa uwar hira a kan wake da farashin gero har yaron ya shanye. Doktor ta fara kiranta in za ta zagaya, wai ta yi mata tafinta, alhali Faransancina ya fi nata nesa ba kusa ba. In na koma gida, maigidana ya tambaye ni aiki, sai in tarar labarinta nake ba shi: ta cika surutu da majinyata, tana ɓata lokaci, tana son a gan ta. Wata rana ya ce ashe ku biyu ne kawai a wurin. Na yi kwana biyu ban yi masa maganar aiki ba.

Ƙungiyar na da ƙa'idoji da aka karanta mana tun ranar farko, muka sa hannu. Ɗaya daga ciki ita ce ba a karɓar komai daga hannun mara lafiya ko danginsa. A mako na biyar, wata tsohuwa da jikarta ta warke ta dawo da ƙafa daga ƙauyensu, da ƙwan zabi a ƙwarya, ta tsaya a bakin igiya ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga ƴar Safo. Ƴar Safo ta fita, ta yi ta ba ta haƙuri, tsohuwa ta fara share hawaye da gefen mayafi, tana cewa ko don ita talaka ce. Daga ƙarshe ƴar Safo ta karɓa. Da rana ta dafa su a kan murhun da muke tafasa kayan aiki a kansa, ta kawo mana inuwar dogonyaro inda muke hutawa, da ɗan gishiri a takarda. Duk mun ci. Ni biyu na ci, har na ce sun yi daɗi.

Da cutar ta lafa aka fara naɗe tanti, doktor ta kira ni buronta, wato ofishinta, ta ba ni takardu biyar. Ta ce tunda ni ce babba, ni zan auna aikin sauran: ƙwarewar hannu, tsabta, zuwa a kan lokaci, mu'amala da marasa lafiya, da bin ƙa'ida, kowanne a ba shi maki a kan ashirin, sannan akwai fili a ƙasa na abin da mai awo ya lura da shi. Ta kuma gaya mini cewa za su ɗauki mutum biyu daga cikinmu su tafi da su Yamai horo na wata shida, daga nan su ci gaba da aiki tare da su. Na tambaye ta ni fa. Ta ce ni likitar garin ba za ta iya rabuwa da ni ba. Ta faɗa kamar yabo, na yi godiya, na fito.

Takardu huɗu na gama su kafin azahar. Ta ƴar Safo ta kwana uku a cikin jakata. Na so in rage mata a ƙwarewar hannu, amma kowa ya gani da idonsa, da na rage ni za a yi wa dariya, sai na ba ta sha takwas. Tsabta da zuwa a kan lokaci ban samu abin kamawa ba. Da na zo bin ƙa'ida na ba ta tara, kuma a filin ƙasa na rubuta da Faransanci mai kyau cewa tana karɓar kyauta daga dangin marasa lafiya. Ban rubuta ƙwai ba, ban rubuta sau ɗaya ba. Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, kuma aikina ke nan, in ban rubuta ba wa zai rubuta.

Abin da ban sani ba shi ne, a tsarinsu sai wanda aka auna ya karanta takardarsa a gaban mai awon da doktor, ya sa hannu. Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Da ƴar Safo ta shigo ta gaishe ni kamar kullum, ta zauna, doktor ta tura mata takardar. Na ga idonta yana bin layukan, har da ɗan murmushi a wajen sha takwas ɗin. Da ta kai ƙasa sai ta daɗe a wurin.

Doktor ta tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce gaskiya ne, ta karɓi ƙwan zabi daga wata tsohuwa. Doktor ta tambaya me ta yi da su.

"Na dafa, aka ci," in ji ta.

"Su wa suka ci?"

Ta dubi tebur ta ce ba ta riƙe ba, an daɗe.

Doktor ta juyo wurina. Ta ce in dai sau ɗaya ne kuma ƙwai ne, ina da damar in gyara rubutuna kafin a aika da shi Yamai, domin su can ba su san kowa ba sai takarda, kuma wannan layin in ya je a haka zai yi nauyi. Ta ɗora bik na rubutu a gabana. Na tuna sarai ana ruwa tsuu a kan kwanon buron, na tuna ina kallon bik ɗin, shuɗi ne an tauna murfinsa. Na ce ƙa'ida ƙa'ida ce, in muka fara gyarawa ba mu san inda za mu tsaya ba. Doktor ta miƙa wa ƴar Safo bik ɗin, ta sa hannu.

Da muka fito ta jira ni a baranda ruwan ya tsagaita. Na ɗauka za ta yi mini magana mai zafi, har na shirya amsa. Cewa kawai ta yi, "Yaya, da kin gaya mini tun ranar, da na mayar mata." Na ce ta dai kiyaye gaba. Ta ce to, ta lulluɓe kanta ta shiga ruwa.

Maza biyu aka ɗauka zuwa Yamai. Ita aka mayar da ita ƙaramar likitar da ke wajen garinsu, ɗaki biyu da rumfa. Na yi zaton in ta bar gabana zuciyata za ta huta, amma ba a yi wata uku ba na fara jin matan unguwarmu suna hawa amalanke su wuce ƙofar likitata, su tafi wurinta da yaransu. Har ƙanwar maigidana ta je a ɓoye, ƴarta ce ta tona. Duk wanda ya dawo sai ya ce tana gaishe ni, ni kuma in amsa a taƙaice in ci gaba da abin da nake yi.

Bayan shekara biyu, wata ranar kasuwa, aka kawo mini wani manomi da ƙafarsa ta kumbura, da wasiƙa daga gare ta. Ta rubuta yadda ciwon ya fara, abin da ta ba shi, ranar da ta ba shi, da dalilin da ya sa take ganin ya fi ƙarfin kayan aikinta. A ƙasa ta ce, Yaya, na san hannunki ya fi nawa a irin wannan. Na karanta wasiƙar sau biyu a tsaye, ina neman inda ta yi kuskure, ko a magani ko a rubutu, mutumin yana zaune yana nishi. Ban samu ba. Na ninke ta na sa a aljihun farar rigata, na ce a kwantar da shi, na je na wanke hannu.