Rabin Tankin Shigeharu

A matsayar jiragen shaƙatawa ta Onomichi, in ka ga mutane suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, to Kuramoto Shigeharu ne ya ɗauko zancen fetur. Tsohon direban bas ne. Tun yana aiki ya sayi ɗan jirgin ruwansa mai inji ɗaya, fari, wanda yanzu ya koma launin tsohon haƙori. Aƙidarsa guda ce: inji ba ya son gaggawa. Sannu yake tafiya, kuma bai taɓa cika tanki ba, wai nauyin man ma mai yake ci. Rabin tanki yake zubawa, ya sauke duk wani tarkace. Har butar shayin matarsa ta sha harara.

Matar, Kazue, a kan bencin bayan jirgin nan ta yi furfura. Duk shekara in lokacin Obon, bikin tunawa da mamata, ya zo, shi yake kai ta tsibirin da aka haife ta, inda ba kowa yanzu sai kaburbura da kuliyoyi, ta wanke dutsen kabarin iyayenta, ta sa furanni, ta kunna turare. Jirgin haya ya daɗe da daina zuwa can. Wannan tafiya ita ce abin tinƙahonsa a duniya, don ko ba komai shi kaɗai ne mai kai ta.

Kwatsam sai Habara Tokuji, wanda suka yi firamare tare, ya sayar da gonar lemonsa, ya sayo wani danƙareren jirgi mai inji biyu, ya ɗaure shi dab da na Shigeharu.

"Wannan ai ba jirgi ba ne, rijiya ce," in ji Shigeharu. "Abin da yake sha a awa guda ya ishe ni wata."

"Haka ne, mutumina," in ji Habara. "Shi ya sa nake dawowa da kifina yana motsi. Naka kafin ka iso ya zama banda."

Aka yi dariya, Shigeharu ma ya yaƙe haƙora, amma ba har zuci ba. Ƙyashi ne zalla, ba wani abu ba. Ya fi mai jirgin sanin lita nawa injinan nan ke zuƙa, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da wanda bai tsaya ba. Amma in ba kowa a wurin, sai ya miƙa hannu ya shafa gefen jirgin, ya ji santsinsa, ya ja tsaki.

Bana, ana gobe tafiya, Kazue ta ajiye masa shinkafa da gasasshen kifi, ta ce, "Baban Yuriko, bayan nan nawa ba zai ɗauki dogon zama ba. Matar Habara ma a can iyayenta suke kwance. Zan bi su. Kai ka taho da bokiti da furanni."

"To, a sauka lafiya," ya ce. Kifin nan bai ji ɗanɗanonsa ba.

Da safe ya zuba rabin tankinsa kamar kullum, ya riga su tashi. Ya kai tsakiyar hanya sai ya ji ruri a bayansa. Suka wuce shi fuu, igiyar ruwansu ta jijjiga shi har bokitin ya kife. A nan ya hango Kazue. Ba a zaune take ba, mai ciwon bayan. Tana tsaye riƙe da ƙarfe, hularta a hannu, iska na wasa da furfurarta, tana ƙyalƙyala dariya baki buɗe. Rabon da ya ga wannan dariya tun suna saurayi da budurwa.

Bai san lokacin da ya tura sandar mai har ƙarshe ba. Shi da ya ishi duk garin da wa'azin cewa inji a ƙure ninki uku yake sha! Hancin jirgin ya ɗaga, ruwa ya dare, furanni suka bi iska. Abin kunyar ma, daɗi ya ji. Ya fara cim musu, tsibirin ya fito sarai a gabansa, sai injin ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru.

Habara ya juyo, ya matso a hankali, ya cillo masa igiya.

"Yau kam ka kafa tarihi, mutumina. Sauran hanyar ko ɗigo ba za ka ƙona ba."

Shigeharu ya sunkuya yana ɗaure igiyar. Kazue ta leƙo daga sama, ba dariya a fuskarta yanzu.

"Na gan ka, Baban Yuriko. Ashe jirgin nan yana iya tashi haka?"

"Yana iyawa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na saye shi."

Ta daɗe tana kallon bencin baya, wurin da zamanta ya goge fenti.

"Shekara da shekaru ina zaune a nan ina jiran ka taka shi ko sau ɗaya," ta ce. "Sai yau da ba na ciki."

Ta mayar da hularta, ta koma ta riƙe ƙarfen. Igiya ta miƙe, aka ja shi zuwa tsibirin.